Innar da Ta Bar Lanti a Bakin Rafi

Ranar da muka rasa Inna, mahaifiyar maigidana, tsakar gidan Kawu ya kasa ɗaukar mutane. Gidan ba namu ba ne. Ɗaki biyu Kawu, ƙanen Inna, ya ba mu a ciki tun da muka baro Zakka muka dawo Batsari, ga shi kuma ba wani faɗi gare shi ba. Sai da aka kwashe turmi da tukwane aka kai bayan ɗaki, aka shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Mata na shigowa suna cewa, "Ya haƙuri?" muna amsawa, har muryata ta dushe.

Matan unguwar ba su san ta sosai ba. Abin da suka sani, wata tsohuwa ce 'yar gudun hijira da kullum take zaune da takarda a cinya. Na ji wata tana ce wa ta kusa da ita, "Allah sarki, tsohuwar nan mai goge-goge. Yanzu dai ta huta da takarda." Ɗayar ta ce, "Ni fa na zaci addu'o'i take rubutawa."

A waje kuwa, wajen maza, maigidana ya ce wani mahauci ya zo daga kasuwa, ƙato mai furfura a gemu. Ya yi gaisuwa, ya ce shi ɗalibinta ne a firamaren Zakka, da littafinta ya koyi haɗa baƙi. Ba wanda ya tambaye shi, sai kawai ya fara karanto shafin farko da ka, labarin wata kaza da shaho. Bai kai tsakiya ba muryarsa ta karye, ya ja hula ya rufe fuska.

Mutanen Zakka kaɗan ne suka samu zuwa, su ma ba wanda ya zauna ya ci abinci. Suna addu'a idonsu na kan rana, domin duk wanda la'asar ta riska a kan hanyar nan ya san abin da ya saya. Kawu kuwa hannu kawai yake miƙa wa masu gaisuwa. Ɗiyata Ummi kuma ta shige ɗakin kakarta ta zauna a kusurwa, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yarda an taɓa ta ba.

Maganar matar nan ce ta tsaya mini a rai. Ina tsoron a wayi gari abin da ya rage na Inna a bakin mutane shi ne tsohuwa mai goge-goge. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da ni ɗinki na iya.

Inna malamar firamare ce har ta yi ritaya, kuma marubuciyar labaran yara ce. An buga mata 'yan ƙananan littattafai biyu a Katsina tun ƙafarta na kai ta inda take so. Ba su yi wani suna ba, amma yaran da suka bi ta hannunta sun riƙe su. Ni kuwa suruka ce, kowa ya san kunyar da ke tsakanin mace da uwar mijinta. Shekarun farko na aurena ko ruwa ba na sha a gabanta. Takarda ce ta rage mana wannan kunya. Da yanar ido ta fara rage mata gani, sai ta riƙa kirana daga ɗaki: "Ke ɗiyar nan, zo ki ara mini idonki." In zauna a bakin ƙofa in karanta mata abin da ta rubuta, ita kuma ta rufe ido tana saurare kamar ba ita ta rubuta ba.

Da fensir take rubutu, ba ta taɓa yarda da biro ba. Takan ce biro na mutanen da ba sa kuskure ne. Tire take kifawa a cinya ya zama teburinta, kilinar goge rubutu kuma tana ɗaure da zare a wuyanta don kada jikoki su ɗauke. Idan ina karatu na tsaya na ja numfashi a tsakiyar jimla, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. A nan kika sha iska?"

"A nan ne, Inna."

"To yanke ta biyu. Ke babba ma ta fi ƙarfin numfashinki, ina ga yaro?"

Ba ta taɓa tambayar yaro ko labari ya yi daɗi ba. Idan tana karanta musu, ƙafafunsu take kallo. Ta ce bakin yaro yakan yi kara, ƙafarsa ce ba ta iya ba. Da zarar ta ga an fara wasa da yatsun ƙafa a cikin ƙasa, sai ta sa wa wurin alama, gobe ka tarar ta goge shi. Akwai shafin da ta goge har takardar ta huje.

Labarin da ya cinye ƙarshen rayuwarta na wata yarinya ne mai suna Lanti. Jar akuyar Lanti ta tsinke igiya ta fice, Lanti ta bi sawunta ta cikin gonaki, ta tsallaka rafi, ta isa gindin dutse. A can ta haɗu da wata Bafillatana ta ba ta nono ta sha, ta nuna mata inda akuyar ta shiga, Lanti ta koro abinta ta iso gida kafin magariba. Shi ke nan labarin. Tun muna Zakka ta gama shi, saura kawai a kai wa mai buga littattafai.

Ba a kai ba. Wata ranar kaka bayan la'asar muka ji ƙarar babura da harbi. Ba zan ba da labarin ranar nan ba, duk wanda ke ƙasar nan yana da irin nasa. Abin da ya shafi Inna shi ne, Ummi tana wasa a waje lokacin da abin ya faru, muka neme ta muka rasa. Sai dab da magariba wani maƙwabcinmu ya zaro ta daga ƙarƙashin tarin karan dawa, inda ta cusa kanta. Ba abin da ya same ta a jiki. Ɗakin Inna kuwa yana cikin waɗanda aka cinna wa wuta, da takardunta duka. Washegari muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka.

Sunan Inna aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke ce mata Ummi, ita kuma Inna take ce mata takwara. Tun da muka shiga gidan Kawu, Ummi ta ƙi fita. Tana cin abinci, tana wasa da 'yan'uwanta, amma da ta isa bakin zaure sai ta ƙame. Aka sa ta a makaranta, takarda kawai aka cike. Babanta ya yi lallashi, ya yi faɗa, wata rana ya ɗauke ta cak zai fita da ita, ta yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, ta sandare a hannunsa. Aka yi rubutu, aka yi tofi. Inna ta ce a ƙyale ta haka nan.

Mu ɗin ma ba wani fita muke ba. Gona na can ba mai zuwa, kasuwa wani lokaci ta ci wani lokaci a hana, ana kiran magariba kowa ya sa sakata. Inna da ta saba zagaya gidajen Zakka tana duba ɗalibanta da suka zama iyaye, ta koma daga ɗaki sai gindin katanga, daga gindin katanga sai ɗaki. Ga ciwon gwiwa. A haka ta ce a sayo mata fensir, za ta sake rubuta Lanti da ka.

Da ta gama, ta tara yaran gidan da na maƙwabta da hantsi. Matar Kawu ta leƙo daga madafa tana dariya.

"Yaya, tatsuniya da rana tsaka? Ba kya tsoron ki ɓata?"

Inna ta ce, "Ina zan ɓata, ni da ba na wuce zaure?"

Ni nake karantawa, ita tana kallon ƙafafu. Komai na tafiya daidai har aka zo inda Lanti ta buɗe ƙofa za ta bi akuya. Sai Ummi ta ce, "Kar ta fita." Na yi kamar ban ji ba na ci gaba. Ta sake cewa, "Ku ce mata kar ta fita!" Ta toshe kunnuwa ta ruga ɗaki. Inna ta karɓi takardun ta ɗora a cinya. Can ta ce, "Labarin nan na yaran da ne. Yaran da na rubuta wa shi ba su nan."

Ta sake rubuta shi, wannan karon akuyar ba ta bar gida ba, bayan rumbu ta ɓuya. Ban kai shafi na biyu ba ƙafafu suka fara motsi, wasu ma suka tashi. Ummi da kanta ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai ba ɓata ba ne." Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kin ji takwara. An fita ta hana, an zauna ta raina."

Daga nan ta yi tunanin ko gaskiya yaran ke so a faɗa musu. Ta sa Lanti ta ji ƙarar babura daga nesa ta kwanta a cikin gero har suka wuce. Ranar da na karanta wannan, ba ƙafar da ta motsa, amma ba irin shirun da take nema ba ne. Wata 'yar maƙwabta da iyayenta suka gudo daga Darini ta fara kuka ba sauti, aka kasa rarrashinta. Da yamma uwar ta shigo ranta a ɓace, ta ce su sun gudo ne don yaran su manta, ba don a biyo su da abin har gida a cikin takarda ba. Inna ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Kin fi ni gaskiya. Ki yi haƙuri." Ta sa aka kai wa yarinyar ɗan kwalin da ta fi so a cikin 'yan kayan da suka rage mata, ta kuma yage shafin da hannunta. Shi ne kaɗai shafin da na ga ta yage maimakon ta goge.

A tsakanin nan ne suka ɓata da Kawu. Shi ma an kore masa shanun huɗa, an kuma riƙe babban ɗansa a daji kafin Allah Ya kuɓutar da shi. Wata rana yana alwala ya ji ina karanta wurin da Bafillatana ke ba Lanti nono. Ya ajiye buta.

"Yaya, a gidana za a riƙa koya wa yara wannan? Bayan abin da aka yi mana?"

Inna ta ce, "Matar nan ba ƙirƙirarta na yi ba. Ka san ta. Kai ma ka sha furarta a ɗakina. Su aka fara kora daga rugarsu kafin mu, yau ban san ko tana raye ba."

"Ni dai a cire ta."

"In na cire ta, me zan ce wa yaran? Duk wanda suka gani da ƙwarya a ka su gudu?"

Kawu ya ce, "Gara su gudu su rayu." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya daina shigowa gaishe ta da safe. Gida ɗaya, rijiya ɗaya, ga mu a ƙarƙashin inuwarsa, ba kuma inda za mu je. Idan ya shigo sai kowa ya kama kansa. Inna ta ga zaman ya yi mana nauyi, sai ta gwada yi masa abin da yake so. Ta cire matar ta sa wani tsoho mai saran itace. Na karanta mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Tsohon nan bai san hanya ba, don ni ma ban san shi ba. Mayar mini da ƙawata." Na ce, "Inna, Kawu fa?" Ta ce, "Ni na goya shi. Fushinsa ba ya kai wata." Ya kai, har ya wuce. Amma wata ranar kasuwa da yamma sai ga shi ya shigo da ƙunshin farar takarda, ya ajiye a bakin ƙofarta, ya ce, "Yaya, ya gwiwar?" Ba wanda ya sake tayar da zancen a cikinsu. Bai kuma taɓa zama ya saurari labarin ba.

Duk wannan ana yi, Ummi na nan ba ta fita. Sa'o'inta sun wuce ta aji guda. Rannan Inna ta kira ta, ina ɗinki kusa da su.

"Takwara, labarin nan ya gagare ni. Akuya na waje, kin hana Lanti fita. Ya za a yi?"

Ummi ta kama wasa da zaren kilina. Can ta ce, "Ta tafi da kakarta."

"Kakar ba ta da ƙafa."

"To ki rubuta mata ƙafa mana."

Inna ta dube ni, na dube ta. Ta ɗauki fensir ta sake komawa shafin farko.

Bayan 'yan kwanaki ta sake kiran Ummi, ta ce ta rubuta wa kakar ƙafa, amma ta manta yadda waje yake, kuma ba ta iya rubuta abin da ba ta gani ba. Ga idonta ba ya gani sosai. Ko takwara za ta riƙe mata sanda zuwa bakin zaure ta riƙa faɗa mata abin da ke wucewa? Ummi ta yarda, da sharaɗin ba za a taka waje ba. Haka suka fara. Su tsaya daga ciki, Ummi na cewa ga mai rake, ga jaki da buhuna, Inna na cewa wane launi, ina ya nufa. Daga baya Inna ta ce tsayuwa na gajiyar da ita, dakalin ƙofar gida ai ga shi nan, taku kaɗan. An daɗe ana ja kafin Ummi ta taka. Daga dakali suka kai gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke kan kwana.

Ba dabara kaɗai ba ce, da gaske tafiyar na ba ta wuya. Idan suka dawo gwiwoyinta sun kumbura, ni nake gasa mata da ruwan zafi. Na ce, "Inna, ki bari in riƙa raka ta." Ta ce, "Ke in kin raka ta, ita ake rakawa. Ni kuwa ita ke raka ni." Wani lokacin babur ya wuce da gudu, Ummi ta saki sandar ta ruga gida ta bar tsohuwa a tsaye, a koma baya kamar ba a taɓa farawa ba. Inna ba ta taɓa yi mata faɗa ba. Takan ce ita da ta saba gogewa, komawa farko ba baƙon abu ba ne. Kafin damina ta faɗi, sun kai ƙofar makaranta. Ummi ta shiga aji, Inna ta zauna a inuwar katanga har aka tashi, don ta yi alkawarin ba za ta gusa ba.

Labarin kuwa ya yi gaba, ya zo ya cije. Lanti da kakarta sun tsallaka rafi, sun sha nono, sun samu akuya. Suna juyowa aka yi ruwa, rafi ya cika ya hana su tsallakawa. A nan Inna ta tsaya. Ta rubuta ƙarshe ta goge, ta rubuta ta goge. Na ce, "Inna, ai a na da sun isa gida kafin magariba. Ki mayar da shi haka."

Ta ce, "Wane gidan? In na mayar da ita gidansu na ƙauye ta tarar da komai lafiya, na yi wa yaran nan ƙarya, kuma sun sani. In na kawo ta ɗakin aro, na ce musu ke nan ba sauran komawa. Ni ma ban sani ba, ɗiyar nan. Ya zan rubuta abin da ban sani ba?"

Ta so ta ga Zakka ko sau ɗaya. Duk lokacin da aka ce hanya ta yi sauƙi sai ta sa in wanke mata mayafi, kafin ranar ta zo wani labari ya iso, ɗanta ya ce a dakata. Mayafin ya sha wanki.

Wata ranar da yamma tana zaune da tire a cinya fensir ya faɗi daga hannunta. Na zaci gyangyaɗi take. Da na matso na ga bakinta ya karkace. A asibitin gari aka ce hawan jini ne, sai an kai ta Katsina. Maigidana ya zagaye tasha, ba direban da ya yarda ya hau hanya a wannan lokacin, kuma ba mu ga laifinsu ba. Aka ce sai da safe. Da safen mota ta zo, amma ba ta da sauran aiki. A Batsari aka rufe ta, nesa da kabarin mijinta.

Bayan sadakar bakwai na tattara takardun. Kwafi ne birjik na labari guda, kowanne ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa. Maigidana ya ce in ɗauki na ƙarshe in ƙarasa shi a kai a buga, ai na fi kowa sanin muryarta. Na gwada. Duk abin da na rubuta, da na karanta a fili sai in ji ba nata ba ne.

Ummi tana zuwa makaranta yanzu, riƙe da gefen hijabina, ta hanya ɗaya tak, wadda suka saba bi. Akwai ranakun da muke juyowa daga gindin bedi. Mu ma muna nan a ɗakuna biyun Kawu, bana ma ba a noma gonar Zakka ba.

Kwanan nan yaran unguwa suka taru suka ce in karanta musu Lanti. Na karanta yadda ta bar shi, har inda rafi ya cika, na ajiye takardar. 'Yar nan ta Darini, wadda ta dawo saurare tun da aka cire babura, ta ce, "Sai me ya faru?"

Na ce, "Ban sani ba. Nan Inna ta tsaya."

Ta ce, "Sun ɓata ke nan?"

Ummi na gefe, ban ma san tana ji ba. Ta ce, "Ba su ɓata ba. Ga gida can suna hangowa. Jira suke ruwa ya janye."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yalwata mata makwanci fiye da ɗakin da ta ƙare kwanakinta a ciki, Ya shafe mata kurakuranta. Mu da ta bari, Allah Ya buɗe mana hanya, Ya kyautata namu zuwan.